Ko Ka Sani? 'Yar Tsutsar da Ta Haska Wa Masu Binciken Sankarar Jinin Yara Hanya

Tsawonta bai wuce milimita 1 ba. A cikin ruɓaɓɓun 'ya'yan itatuwa da takin ganye take rayuwa, abincinta bakteriya. Ana ganin cikinta tar a madubin bincike, har an ƙirga ƙwayoyin jikin babbarta ɗaya bayan ɗaya, aka samu 959 cif. Sunanta C. elegans, kuma cikin kusan kwana uku ƙwanta ke zama uwa. Wannan saurin na cikin abin da ya sa Sydney Brenner ya zaɓe ta don bincike a Kambirij ta Ingila a shekarun 1960.

Cikin tsutsotsin akwai wasu masu tangarɗa a wata ƙwayar gado da ake kira lin-4. Jikinsu na tsawo, amma wasu ƙwayoyinsu sai maimaita aikin jarirantaka suke yi, ba sa balaga. Ko kafar da za su saki ƙwai ba ta samuwa, sai 'ya'yan su ƙyanƙyashe a cikin uwar.

Victor Ambros da abokan aikinsa Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum suka bi diddigi a Jami'ar Harvard. A lokacin an fi sanin RNA da aikin ɗan aike: ya ɗauko saƙo daga DNA, ya kai inda ake ƙera furotin. A 1993 sai suka ga lin-4 ba ta samar da furotin ko kaɗan, sai wani guntun RNA mai haruffa kusan 22. Gary Ruvkun ya nuna cewa guntun na manne wa saƙon wata ƙwayar gado, lin-14, ya hana a karanta shi. Masana da yawa suka ɗauka wata baƙuwar ɗabi'a ce ta tsutsa kawai. Sai a 2000, da aka gano irin wannan guntun RNA na biyu mai suna let-7, kuma aka same shi har a jikin ɗan Adam, kallo ya koma sama. Ambros da Ruvkun sun karɓi kyautar Nobel a 2024.

To, ina ruwan yaro mai sankarar jini da wannan? Cutar ita ma matsalar ƙin balaga ce. Ƙananan ƙwayoyin jini a cikin ɓargo su maƙale a ƙuruciya, su yi ta hayayyafa har su cunkushe lafiyayyu. Shi ya sa yaron ke ɗashewa, zazzaɓi ya ƙi sauka, dasashi ya riƙa zubar da jini. A 2002 George Calin da Carlo Croce suka nuna cewa irin waɗannan guntayen RNA guda biyu, miR-15 da miR-16, sukan ɓace a wani nau'in sankarar jini na manya. A yara kuwa, misali mafi jan hankali shi ne masu lalurar Down, waɗanda ke da kromosom na 21 guda uku maimakon biyu, kuma sankarar jini ta fi kama su nesa ba kusa ba. A kan kromosom ɗin akwai wani guntun, miR-125b-2, wanda bincike ya nuna yawansa na ingiza hayayyafar ƙwayoyin da ba su nuna ba.

Har yanzu wannan ilimi bai zama allura a ɗakin yara ba, kuma abin da ya fi ciwo yana wani wajen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa da magungunan da ake da su yanzu, alhali a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai kashi 30 ba.