Baƙin Mai: Kaurinsa Ba Shi Ne Ingancinsa Ba

Duk wanda ya san Tokpa-Hoho da Zangon Kwatano ya san cewa harkar mota tana cikin abin da ke ciyar da gidajenmu. Shekara da shekaru motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano sun riƙa bi ta hannun 'yan'uwanmu dillalai da direbobi da kanikawa, kafin su kama hanyar Nijar. Ko da Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a shekarar 2017, manyan motoci masu gudu irin su Mercedes AMG da BMW ba su daina shigowa garejinmu ba.

Sai dai akwai wata al'ada da ke kashe waɗannan motoci a hankali. Da an zo yin juye, sai ka ji an ce ƙasarmu akwai zafi, a zuba mai kauri, wato 20W-50. Wannan magana ta yi daidai a zamanin Fijo 504, amma injin zamani ba haka yake ba.

Lambar da ke jikin galan tana da ma'ana. Ta farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudu lokacin da inji yake da sanyi. Ta biyu kuwa kaurinsa ce idan ya kai zafin digiri 100. To, inji mai lafiya yana aiki ne a wajen digiri 90 zuwa 100, ko a Jamus yake ko a Kwatano. Hanyoyin da mai ke bi a cikin sabon inji ƙanana ne ƙwarai, musamman mai turbo. Idan man ya yi kauri fiye da kima, sai ya makara wajen isa inda ake bukatarsa da safe, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe.

Kowace mota da nata. Yawancin Mercedes masu fetur suna son 5W-40 ko 0W-40 mai ɗauke da shaidar MB 229.5. BMW na neman Longlife-01, amma wasu ƙirar M, kamar M3 ta farkon shekarun 2000, sai 10W-60. Sababbin Toyota da dama kuwa 0W-20 ne. Amsar tana cikin littafin motar, wani lokaci ma a kan murfin da ake zuba man.

Abin da zafinmu da cunkoson titi da ƙura ke bukata shi ne a riƙa yin juye da wuri, tare da sauya filta. Sannan a guji man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, domin ba a san asalinsa ba. Araha ba ta ado. Kuɗin galan ɗaya na kirki bai kai ko kusa da kuɗin sauke inji ba.

Don haka muna kira ga kanikawanmu da masu motoci: kafin a buɗe galan, a fara buɗe littafin mota.