Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Kan Wuƙa Mai Maɓalli

A ƙasar Kurfai wuƙa kayan aiki ce. Makiyayi na yanke igiya da ita, mai lambu a kwarin Dallol Boso na fere rogo, mahauci a kasuwar Filinge ta ranar Lahadi kuwa ba ya rabuwa da tasa. Sai dai yanzu wata iri ta shiga idon matasa, musamman masu kallon bidiyo a waya: wuƙar aljihu wadda da ka danna maɓalli sai bakinta ya yi tsalle ya fito da ƙara. Wasu har suna aika kuɗi Yamai ko wajen 'yan uwa da ke ƙetare a sayo musu. Wannan wuƙa tana da abubuwan da mai talla ba zai gaya maka ba.

Iri biyu ce. Akwai wadda bakinta ke buɗewa ta gefe, kamar yadda kamfanonin Benchmade da Pro-Tech na Amurka suka saba ƙerawa. Akwai kuma wadda bakin ke harbowa ta gaba daga cikin ƙota, wadda kamfanin Microtech ya yi suna da ita. Dukansu wata wayar ƙarfe da aka naɗe a ciki ce ke tura bakin. An yi su ne domin wanda hannunsa ɗaya ke riƙe da wani abu, kamar mai aikin ceto da zai yanke bel ɗin mota ya ciro wanda ya yi haɗari. Ta ainihi daga waɗannan kamfanoni takan kai dalar Amurka 300 ko fiye, wato sama da jika 150 na sefa. Saboda haka idan wani ya buɗe jaka ya nuna maka mai tambarin Microtech ya ce jika goma, jabu ce, komai ƙyallinta. Kuma jabun wuƙa mai maɓalli ta fi jabun agogo sharri, domin abin da ake ha'inta a cikinta shi ne makullin da ke riƙe baki. Ranar da ya saki kana tsakiyar yanka fata, in mai buɗewa ta gefe ce, a kan yatsunka bakin zai rufe.

Ko da ta ainihin ce, ƙasarmu ba ta yi mata daɗi. Wanda ya yi hunturu a Filinge ya san yadda ƙura ke shiga har cikin kwanon da aka rufe. Wuƙar da ke harbowa ta gaba tana gudu ne a kan wata siririyar hanya a cikin ƙota, kuma 'yar rairayi kaɗan ta isa ta tsayar da bakin a rabin hanya. Idan ka ɗiga mata mai don ta yi laushi, man ya kama ƙurar ya zama laka. Sai an kwance ta da ƙananan sukudireba na musamman, kuma idan wayar ciki ta karye ba maƙerin da zai ƙera maka irinta. Kamfanin da zai gyara yana Amurka. Mai buɗewa ta gefe ta fi haƙuri da ƙasa, don haka wanda ya nace sai ya saya, ita ce mai dama-dama.

Sai batun wasawa, wanda masu saye ba sa tunawa sai wuƙa ta dakushe. Masu tsadar nan da ƙarfe mai tauri ƙwarai ake yin su, irin su M390 da S30V. Gaskiya suna daɗewa da kaifi kuma ba sa saurin tsatsa. Amma in kaifin ya tafi, dutsen wasa na gida sai ka gaji bai ci su ba. Suna son mawashi mai ƙurar lu'ulu'u. Baƙin ƙarfe kuwa, irin wanda maƙeranmu ke samu daga tsohon ƙarfen ƙafar mota, goga kaɗan a kan dutse ya dawo yana aske gashi. Aibinsa tsatsa ne, maganinta kuma a goge a shafa ɗan man gyaɗa.

Abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne halin da yankin ke ciki. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tillaberi, har da Abala da ke arewa da mu, kuma matafiyi a hanyar Yamai ta Baleyara ya san ana tsayawa a shingayen bincike. Wuƙar makiyayi a cikin kubenta kowa ya san aikinta. Wadda ke fitowa da danna maɓalli kuwa, a idon jami'in tsaro kamar makami take, kuma kai ne za ka yi ta bayani a gefen titi mota na jiranka. Ba mu kaɗai ke yi mata wannan kallo ba. Amurka, inda ake ƙera mafi tsadarsu, ta yi dokar taƙaita cinikinsu tsakanin jihohinta tun 1958, Ingila ta hana sayar da su a 1959, a Faransa kuma yawo da ita ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne. Wanda zai sa kuɗinsa, ya fara zuwa ofishin jandarma ya tambaya. A gida ma akwai abin lura: maɓalli yana jan hankalin yara, kuma a aljihun riga, tare da makullai da waya, yana iya dannuwa idan aka matsu a bayan mota.

Mai son wuƙar aljihu ta kirki yana da zaɓi tun zamanin kakanni. Douk-Douk, wadda ake ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929, ƙarfe ne zalla, siririya, ba abin da ƙura za ta lalata a cikinta, shi ya sa ta bazu a Arewacin Afirka da ƙasashen da Faransa ta mallaka. Opinel, mai ƙotar itace, tana da zoben da ake murɗawa ya kulle baki. Lamba 8 ce aka fi saye, bakinta santimita 8.5. Akwai kuma Okapi, wadda ta fara a Jamus kafin ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu a 1988. Su ma ana yin jabunsu, don haka kowacce za ka saya, buɗe ta ka kama bakin ta baya ka girgiza. In ya yi motsi, mayar wa mai ita. Sannan, in mai makulli ce, ka danna bayan bakin a kan katako a hankali, yatsunka nesa da hanyar rufewa, ka ga ko makullin zai riƙe.

Yankan dabba kuma, ko ta layya ko ta suna, babu wuƙar aljihun da ta dace da shi, mai maɓalli ko marar maɓalli. Bakinta gajere ne, jini da kitse suna shiga mahaɗinta su maƙale su yi wari. Wannan aikin doguwar wuƙar maƙeri yake so, wadda aka wasa tun kafin a kayar da ragon.