Yadda hasken leza ke tona asirin jabun magani

Motocin da ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ba buhunan hatsi da atamfa kaɗai suke ɗauka ba, har da kwalayen magani. Ido kuwa ba ya bambance ƙwayar maganin zazzaɓin cizon sauro ta gaskiya da wadda aka yi da alli da sitati. Kwali ɗaya, rubutu ɗaya. Wannan matsalar ce ta sa NAFDAC ta fara amfani da TruScan wajejen 2010, wata na'ura da ake riƙewa a hannu.

Na'urar tana harba leza mai tsawon zango nanomita 785 a kan ƙwayar, ko da tana cikin ledarta muddin haske na ratsawa. Kusan duk hasken yana dawowa yadda ya tafi, sai ɗan kaɗan, ɗaya cikin miliyoyi, da ke dawowa da launin da ya ɗan sauya saboda motsin ƙwayoyin sinadarin da ya taɓa. Kowane sinadari da irin nasa sauyin, kamar zanen yatsa. Sai na'urar ta gwada shi da na maganin asali da aka ajiye mata, ta ce ya dace ko bai dace ba. Ba'indiye C. V. Raman ne ya gano wannan a 1928, ya karɓi kyautar Nobel a 1930.

Haske na faɗin fiye da sunan sinadari. A 1965 George Pimentel da Jerome Kasper a Kalifoniya suka samar da leza daga haɗuwar iskar haidirojin da kulorin. Masana kan kwaikwayi irin wannan hasken a kwamfuta, su gwada da wanda suka auna, su lissafa saurin haɗuwar sinadaran.

TruScan dai tana da iyaka. Ta fi ƙwarewa wajen kama maganin da babu sinadarin kwata-kwata. Wanda aka rage wa ƙarfi kawai yana iya sulalewa, sai an kai shi ɗakin gwaji. Kada kuma wata manhaja ta yaudare ka cewa kyamarar waya za ta yi wannan aikin. Ko lezar da ke bayan iPhone 12 Pro nisa kawai take aunawa. Abin da wayarka za ta iya shi ne tsarin MAS na NAFDAC: in kwalin na da wurin kankarewa, ka kankare, ka tura lambar ta saƙon tes kyauta, ka jira amsa kafin ka sha.