Abin Da Ba Ya Shiga Jakar Matafiyi

Barin gida ba baƙon abu ba ne ga mutumin Tsaskiya, ko na Runka, ko na Wagini. Tun zamanin kakanni, da an gama kaka an ɗaure dammunan gero an zuba a rumbu, samari kan kama hanyar ci-rani. Wani ya tsaya Kano, wani ya wuce Abuja, wani sai Agege ko Idi-Araba a Legas, ana ga-ruwa, ana gadi, ana acaba, ana teburin shayi. Amma ci-rani tafiya ce mai ranar dawowa. Da hadarin farko ya haɗo, hankalin ɗan ci-rani ya koma gona, kuma kewar da ta dame shi wata biyar za ta warke ran da ya sauka a tasha. Abin da 'yan bindigar Dajin Rugu suka lalata shi ne wannan dawowar. Bayan hare-hare irin na Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari, inda aka kashe mutum kusan 30 a watan Fabrairun 2020, gidaje sukutum sun tashi daga ƙauyukan yankin. Wasu sun raɓa a garin Batsari ko Dutsin-ma ko birnin Katsina, wasu sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi a Nijar, wasu 'yan ci-ranin kuma sun aika an kawo musu iyali, suka zama mazauna inda dā baƙi ne. Yanzu akwai yaran da suka isa shiga makarantar allo ba su taɓa ganin garin da ake ce musu nasu ne ba.

Idan aka yi maganar riƙe al'ada a baƙon wuri, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne harshe da tuwo da babbar riga. A ganina a nan ne ake kuskuren gane ciwon. Bahaushe bai cika rasa waɗannan ba, ko ina ya je, domin magabata sun riga sun gina masa wurin ajiye su, wato zango. An kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, kuma masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a cikinta ya fitar da littafi a kanta a 1969, ya nuna cewa abin da ya riƙe Hausawan wurin tsari ne mai aiki. Akwai maigida mai ba fataken shanu da na goro masauki, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu lamuni. Akwai Sarkin Hausawa mai raba gardama, ga masallaci, ga zikirin Tijjaniyya da ke tara jama'a kowace rana. A Ankara ta ƙasar Gana, Malam Bako, wanda mahaifinsa Bakatsine ne, shi ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. A Sudan kuwa, jama'ar da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, sun kafa gari a bakin kogin Nilu wanda har yau sunansa yake amsawa. A duk waɗannan wurare ana Hausa, ana raɗin suna ran bakwai, ana dama fura.

Sai dai zango tukunya ce, duk abin da aka zuba mata sai ta haɗe shi ya zama miya ɗaya. A Kumasi, Bakano da Bakatsine da Bazabarme da mutumin Mosi duk sun zama 'yan zango, kuma Hausar da ta haɗa su ta sauƙaƙe har ta kai da yawa ba sa bambanta namiji da mace a magana, sai ka ji an ce mace ya zo. Wannan ba aibi ba ne, harshe ne ya bi rayuwar masu shi. Amma yana nuna abin da zango ke iya riƙewa da wanda ba ya iyawa. Zango na riƙe Hausa, ba ya riƙe Tsaskiya. Yaron da aka haifa a Agege zai ji Hausa, zai yi salla, zai ci tuwon dawa da miyar kuka. Abin da zai kuɓuce masa ƙanana ne, kuma su ne ainihin abin da uwarsa ke kewa idan dare ya yi: sunayen unguwanni da fadamu da rijiyoyi, wane ne ya haifi wane, gidan da ake wasan taubasantaka da shi, gidan da ba a ƙetare gaisuwarsa ran Salla, wanzamin gidansu da ya gaji yi musu aski, da irin Hausar da ke cewa tahi da ɗiya da mashi, wadda yaro kan yar da zarar abokan wasa sun yi masa dariya sau biyu. Waɗannan ba a sayar da su a kasuwar kowane zango. A cikin kawunan mutane ƙalilan suke, yawancinsu tsofaffi.

Tarihin Katsina kansa ya nuna cewa ana iya ɗaukar irin wannan kaya a tafi da shi. Da jihadi ya ci birnin Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi. Fiye da shekara 200 ke nan, amma mai sarautar wurin har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, kuma a fadarsa akwai Ƙaura da Durɓi da Galadima da 'Yanɗaka kamar yadda aka baro su. Ba don sun fi kowa kewa suka riƙe wannan ba. Sun riƙe ne domin kowane suna an ɗora shi a wuyan wani mutum mai rai, an ba shi aikin da zai yi da shi, in ya mutu a naɗa wani. Kuma kada a manta, yaƙe-yaƙen da suka biyo baya tsakanin Maraɗi da Katsina a wannan yanki namu suka fi yin ɓarna. Baturen Jamus Heinrich Barth ya ratsa ta garin Zakka na wannan yanki a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya iske mutane a takure cikin ganuwa, matafiya na tsoron dajin da ke gaba. Ƙasar Ruma, wato yankin Batsari, ta taɓa ganin ƙauyuka sun zama kufai, kuma ta ga an dawo an sake tayar da su.

Akwai mai cewa wannan duk zancen ƙoshi ne. Matar da ke kwana a kangon gini a Katsina da 'ya'ya biyar, tana aikatau don ta sami kwanon masara, ina ruwanta da sunan fadama? Gaskiya ne, da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma babu mai hankalin da zai sa tatsuniya gaban abinci. Amma a duba yadda abincin ke zuwa. Baƙon da ya sauka a tashar Legas ba ya samun tabarma don shi Bahaushe ne kawai, Hausawa sun yi yawa. Yana samu ne idan ya faɗi sunan ubansa wani ya ce ya san gidan. Wanda zai ba shi aron babur, ko ya sa shi cikin adashi, ko ya tsaya masa a wurin mai haya, mutumin da ya san inda zai kai ƙararsa ne in ya ci amana. Gayya da ake yi a gona ba ta mutu ba, ta koma karo-karon kai marar lafiya asibiti da haɗa kuɗin likkafani. Sanin dangi shi ne jarin talakan da ya bar gida, kuma yaron da ya tashi bai san su ba an raba shi da jarin tun kafin ya buƙace shi.

Wani kuma zai ce ai waya ta gama aikin. Ga WhatsApp, ga kiran bidiyo, wanda ke Jidda ko Sabha ta Libiya yana jin kukan jaririn da aka haifa a gida a ranar. Lalle waya ta rage nisa, kuma babu ɗan ci-ranin da zai so komawa zamanin saƙon baki ta hannun direba. Amma mutanen Batsari da Safana sun san iyakarta fiye da kowa, domin a watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da nasu, aka yi watanni wanda ke nesa bai san halin da mahaifiyarsa ke ciki ba. Ko da layi na nan, waya labarin yau take kawowa: an kai hari, an yi rasuwa, a turo kuɗi. Ba ta koya wa yaro yadda ake durƙusa wa gwaggo, ko yadda ake zaman makoki. Zumunta a ƙafa take, kuma inda ƙafa ba ta iya zuwa gida, sai ta je ɗakin ɗan garinsu da ke unguwa ta gaba. Babban amfanin da wayar za ta yi, wanda ba a cika yi da ita ba, shi ne a ajiye ta gaban tsoho ko tsohuwa a naɗi muryarsu suna jero zuriya, suna faɗin wanda ya sari wace gona.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa riƙe garinsu-garinsu na raba kan mutane, yana hana baƙo sajewa da masu masaukinsa, yana kuma daskarar da al'adun da ya kamata a bari. Akwai gaskiya a ciki. Ba duk abin da aka gada ya cancanci a ɗauko ba, kuma uban da ya hana ɗiyarsa makaranta a Katsina da sunan haka ake yi a gida ya cuce ta, bai riƙe komai ba. Amma hatsarin da na fi jin tsoro yana ɗaya gefen. Ba a barin yaro babu labari. In ba a ba shi cikakken labarin garinsu ba, zai tashi da guntun da ya fi ƙara, wato daren da aka gudu. Zai san Bafulatani a matsayin mai bindiga kaɗai. Ba zai san cewa kakansa kan roƙi makiyayi ya sauke garke a gonarsa da rani don taki ba, ko cewa akwai Bafulatanar da ta shekara ashirin tana kawo nono gidansu har ana ce mata inna, ko cewa rugage da yawa su ma an kore musu shanu, sun gudu kamar kowa. Wanda ya gaji rabin labari ƙiyayya ya gada. Wanda aka ba duka yana da abin da zai zauna da maƙwabci a kansa, ko a Agege ko a gida.

Gidan kuma ba a fid da rai da shi ba. A 2025 an ƙulla sulhu a wasu ƙananan hukumomin yankin, har da Batsari da Safana, kuma ko mutum ya yarda da sulhun ko yana shakkarsa, wasu sun fara leƙa gonakinsu. A ranar komawa ne za a nemi abin da aka raina. Yawancin gonakin karkara ba su da takarda. Iyakarsu gawo ce, ko kuka, ko layin gamba, ko wani dutse da mutum uku suka shaida an kafa. Gonar da ta shekara biyar ba a nome ta ba sabara ta rufe ta, gambar ta ƙone, wataƙila an sare gawon an yi gawayi. Mai unguwa zai nemi dattawan da suka san wurin, sai a ce masa wane ya rasu a Dutsin-ma, wane an binne shi a Maraɗi, wane yana nan a Katsina amma ƙafa ba ta kawo shi. Ɗan da zai tsaya a gaban hakimi, ko Yariman Katsina a Safana ko Sarkin Ruma a Batsari, yana neman gadon ubansa, abin da aka faɗa masa a ɗakin haya ne kaɗai zai riƙe a hannu.