Batirin da Ke Ɓoye a Bangon Banɗaki

Sau da yawa akan ga bangon banɗaki ya jiƙe, fenti yana ɓarewa, alhali ba a daɗe da jawo ruwa gidan ba. Idan mai gyaran famfo ya fasa bangon, yakan tarar da ɓarnar a wuri guda, wato mahaɗar da bututu ya shiga bawul ɗin shawa, na'urar nan da ke buɗe ruwa da rufe shi, take kuma gauraya mai zafi da mai sanyi. Bawul yana nan garau, amma tsatsa ta cinye bakin bututun.

Galibi da tagulla ake ƙera bawul, ita kuwa tagulla gamin jan ƙarfe ce da tutiya. Bututun ƙarfen da aka saba da shi kuma baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya don kare shi daga tsatsa. Kowannensu yana da ƙarko idan yana shi kaɗai. Haɗa su ne ke kawo matsala.

A shekarar 1800 wani masani ɗan ƙasar Italiya, Alessandro Volta, ya jera faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe, ya sa ƙyalle mai jiƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, sai wutar lantarki ta gudana. Batirin farko ke nan. Abubuwa uku kawai yake bukata: ƙarafa biyu mabambanta, da hanyar da ta sada su, da ruwa mai ɗauke da gishiri. Duk ukun suna nan a mahaɗar bawul, domin ruwan famfo da na rijiyar burtsatse ba su rasa gishirin ma'adinai narke a cikinsu. Daga nan sai ɗayan ƙarafan ya riƙa sakin elektron, jikinsa yana narkewa kaɗan-kaɗan. Tutiya ce ke fara tafiya, baƙin ƙarfe ya biyo baya, tagulla kuwa ta tsira. Abin ya fi muni a bakin bututu, inda aka yanka haƙoran murɗawa, saboda yankan ya riga ya kankare tutiyar, ya kuma rage kaurin ƙarfen. Ruwan zafi yana ƙara wa aikin sauri.

Sojojin ruwan Ingila sun ga irin wannan tun kafin Volta. A 1761 suka lulluɓe ƙasan wani jirginsu mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe. Da aka duba shi a 1763, sai aka ga ƙusoshin baƙin ƙarfe sun cinye, in ban da waɗanda takardar da aka naɗo fallayen da ita ta maƙale tsakaninsu da jan ƙarfen. Irin aikin da wannan takarda ta yi shi ne dabarar da ake bi yau: akwai mahaɗi na musamman mai zoben roba a ciki, wanda ke barin ruwa ya wuce ba tare da ƙarafan biyu sun taɓa juna ba.

Sai dai mahaɗin ba ya maganin komai. Ruwan da ya ratsa bututun jan ƙarfe yakan ɗebo ɗan narkakken jan ƙarfe, ya sauke shi a kan tutiyar da ke gaba, nan ma ƙananan ramuka su ɓullo. Saboda haka kada a sa bututu mai tutiya a gaban na jan ƙarfe ta inda ruwa ya nufa. Mafi dacewa da bawul na tagulla shi ne jan ƙarfe ko bututun roba.

Roba ba ta tsatsa, amma ba kowace ce ke jure zafi ba. Bututun PVC yana fara laushi idan zafin ruwa ya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, don haka layin sanyi kaɗai ya dace da shi. Layin da ya fito daga hita yana bukatar CPVC, ko PEX, ko kuma PPR wanda ake liƙawa da zafi. Wajen ɗaurawa, bakin roba ne ya kamata ya shiga cikin na ƙarfe. Idan aka murɗa ƙarfe a cikin roba, matsin yakan tsaga ta, wani lokaci sai bayan an gama manna tayil.