Garin da Ba Shi da Zaure: Yadda Baƙo Ke Sabawa da Zaman Abuja

Wuse 2 daban, Wuse Zon 2 daban. Duk wanda ya shekara a Abuja ya san haka, har ya manta akwai lokacin da bai sani ba. Amma ga ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Gusau ko Azare, wannan ɗan bambanci kan cinye masa safiya guda da kuɗin mota biyu. Gobe kuma sai ya tarar Garki 2 ba ita ce Eriya 2 ba. Jibi ya gane cewa titin da yake hange a tsallake, sai ya yi zagayen da ya fi tafiyar da ta kawo shi kafin ya isa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira musiba, sai dai idan suka taru a wata guda sukan durƙusar da mutum.

Abin mamaki shi ne kusan kowa a garin ya taɓa zama baƙo. A watan Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya sanar da cewa za a ɗauke babban birni daga Legas, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, amma sai ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare. Ƙidayar 1991 ta sami mutanen yankin birnin tarayya ba su kai dubu 400 ba; a ta 2006 sun kai miliyan 1.4. Idan aka ware Gbagyi da sauran 'yan ƙasa da aka tarar, ragowar duk zuwa suka yi. Duk da haka da wuya ka ji ana maganar wahalar sabo. Ana maganar tsadar haya, ana maganar cunkoson hanyar Nyanya, amma gajiyar da ba ta da suna, wadda ke kama sabon zuwa tun kafin la'asar, kowa shiru yake yi da ita.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun san tushenta. Wata masaniya a Amurka, Wendy Wood, ta sa mutane suna rubuta abin da suke yi sa'a bayan sa'a, ta gano cewa wajen kashi 43 cikin 100 na ayyukan yini ana yin su ne bisa sabo: wuri ɗaya, yanayi ɗaya, hankali kuma yana can wani waje. A garinku ba ka shawara da kanka kan inda za ka sayi burodi, ko kwanar da za ka sha, ko mahaucin da ba zai cika maka ƙashi ba. Ƙafa ta sani, ido ya sani. Ranar da ka sauka a wani gari, duk wannan aiki ya dawo kan ƙwaƙwalwa. Ina ake zuba shara? Wa ke sayar da katin mita? Mai ruwan nan, kuɗin da ya faɗa na kowa ne ko na baƙo? Ƙarfe nawa ake tayar da sallar asuba a masallacin layin? Mutum bai ɗauki kaya ba, bai yi noma ba, amma ya koma gida a gajiye liƙis. Ba ciwo ba ne, balle a ce an yi masa sammu a ofis.

Wood da abokan aikinta sun sake bin ɗaliban da suka canza jami'a, suka wallafa sakamakon a 2005. Motsa jiki, karanta jarida, kallon talabijin: al'adar da ta tarar da irin yanayinta na da a sabon wuri ta ɗore, wadda ba ta tarar ba ta warware. Shi ya sa za ka ga mutumin da a Zariya ba ya fashin karatun bayan magariba, ya zo Abuja wata uku bai buɗe littafi ba. Ba imaninsa ne ya ragu ba. Tabarmar da malamin da abokan zaman ne ba su biyo shi ba. Ta ɗaya gefen kuma, wanda ke son rabuwa da sigari ko hirar dare marar amfani ba zai sami dama irin ta watannin farko ba, kafin ya kafa sabuwar majalisa. Sabon hali kuwa ba ya kafuwa a mako uku kamar yadda ake yawan faɗa. Binciken Phillippa Lally a Landan, wanda ya fito a 2009, ya sami tsaka-tsakin kwana 66, wasu a kwana 18, wasu sai an haura 250.

Kakanninmu ba su karanta wannan ba, amma sun yi wa matsalar tanadi. Bahaushe matafiyi ne tun zamanin fatauci zuwa Gwanja, kuma duk inda ayari ya saba yada zango sai an sami mai gida. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda tsarin ke aiki a cinikin shanu da goro. Falke ya sauka, mai gida ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ɗauki dabba bashi. Abin da baƙo ke samu a nan ya fi masauki. Aron sani yake yi, da aron mutunci. Wanda bai san ka ba zai yarda da kai don ya san mai gidanka, kai kuma ka san wanda za ka kauce wa don an raɗa maka tun a daren farko. Baƙo ko da ido makaho ne, to ga ɗan jagora. Irin wannan tsari ne ya riƙe zangon Kumasi da Agege da sauran wuraren da Hausawa suka yi kaka-gida.

Tsakiyar Abuja ba a zana ta da wannan tunani ba. An zana ta ne don mota da ofis: tituna masu faɗi, unguwar kwana daban, ta aiki daban, kowane gida da katanga da ƙofar ƙarfe da mai gadi. Babu zaure, babu dakali, babu lungun da dole ka gaisa da mutum biyar kafin ka fita titi. Tun Oktoban 2006, zamanin da Nasiru El-Rufa'i ke minista, aka hana acaɓa a cikin birni, kuma ko me mutum zai ce game da wannan mataki, ɗan acaɓa shi ne taswirar talaka a yawancin garuruwanmu: ka faɗi sunan wuri, ya kai ka ƙofa. Yanzu sai dai taswirar waya, wadda ta san sunan titi amma ba ta san inda ake tsayawa a sami mota ba, ba ta kuma san wace mota ce ba a shiga. Darasin 'yan wan cans, ɓarayin da ke shigar direba da fasinjoji, daga bakin mutum ake koyonsa: a hau a tasha, a guji mota mai baƙin gilashi, kada a yi gaggawa da dare.

A nan ne wani abu ke juyewa. Saurayin da ya hau bayan tirela daga Jibiya da 'yar jaka ɗaya ya sauka Dei-Dei ko Zuba ko Mararaba, sau da yawa ya fi jami'i mai mataki na 12 saurin sabawa. Yana sauka wajen 'yan garinsu. A daren farko ya san inda zai kwana, da mai shayin da ke ba da bashi, da wanda zai ba shi baro ko kura ya fara nema. Rayuwarsa da wuya, kada a yi mata kwalliya, amma ba shi kaɗai ba ne. Jami'in kuwa ya biya hayar shekara cur a dunƙule, da kuɗin eja da na lauya, ya sami ɗaki biyu da falo a Kubwa ko Lugbe, ya rufe ƙofa. Wata shida bai san sunan na kusa da shi ba.

Ba girman kai ne kaɗai ke jawo haka ba, lissafin lokaci ne. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas ya tambayi manya 355 da suka ƙaura cikin wata shida da suka gabata, ya fitar da sakamako a 2018: kusan awa 50 na zama tare kafin sani ya zama sabo, wajen 90 kafin a kira juna aboki, sama da 200 kafin aminci. Ya kuma lura cewa awannin da aka yi ana aiki tare ba su da nauyin waɗanda aka yi ana hira da raha. To mutumin da ke fita daga Mararaba kafin gari ya waye don ya riga cunkoso, ya dawo bayan isha, ina zai samo awa 200? Idan awa biyu yake samu a mako, ya doshi shekara biyu ke nan kafin ya yi amini ɗaya. A garinsu waɗannan awanni kyauta suke zuwa, a bakin masallaci, a wurin ɗaurin aure, a zaman makoki.

Awannin da suka rage masa su ne na Asabar da Lahadi, su kuma yakan kwashe su ya kai gida. Duk Juma'a da rana ofisoshi kan yi fayau, tashar jirgin ƙasa ta Idu da ta Kubwa su cika da masu tafiya Rigasa, tun da aka buɗe layin Kaduna a Yulin 2016, wasu kuma su kama hanyar Kano ko Jos a mota. Babu mai zargin wanda iyalinsa ke can, ko mai tsohuwa a raye. Amma a ganina wannan zirga-zirga ce babban abin da ke hana mutane da yawa sabawa. Akwai masu shekara goma a Abuja da har yau suke cewa "wurin aiki", ba su taɓa zuwa suna ko jana'iza a unguwar da suke kwana ba, sannan su ce mutanen garin ba su da zumunci. Wa zai zo maka, kai da ba a taɓa gani ba? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya tilasta wa wasu rage tafiya, kuma ba abin mamaki ba ne idan a cikinsu aka sami waɗanda sai yanzu suka san limamin layinsu.

Wadda ta fi kowa shan wannan wuya ita ce amaryar da aka kawo. An ɗauko ta daga gida mai mutum ashirin, inda ko gishiri ya ƙare sai a leƙa ta katanga, an ajiye ta a hawa na biyu a Gwarimpa ko Lokogoma. 'Yan kawo amarya sun kwana biyu sun koma. Maigida ya fita da sassafe. Babu yaron aike, babu mai talla da zai yi sallama, maƙwabciya ma'aikaciya ce, ko kuma yarensu bai haɗu ba sai da Turancin buroka. Idan ta yi waya gida ta ce ta gaji da zaman, amsar da za ta samu ita ce, "Ke da Allah ya kai ki Abuja? Ki yi haƙuri, ki gode." Sai ta daina faɗa. Waya na ɗebe kewa, amma takan kuma riƙe mutum a garin da ya baro, jiki a nan, hira a can. Abin da na ga yana fitar da mata daga wannan hali ba wani abu ne mai tsada ba: Islamiyyar matan aure, adashi, ko 'yar sana'ar turaren wuta da dambun nama da ke sa a ƙwanƙwasa ƙofa. Fuskoki iri ɗaya ne, a lokaci ɗaya, mako bayan mako. Mijin da ya hana wannan da sunan tsaro, ya sani shi ma ba zai ji daɗin gidan ba.

Na namiji ma haka yake. Yawon ganin gari, yau Jabi gobe Maitama, ba ya kawo sabo kamar naci a wuri guda. Masallaci ɗaya, sahu ɗaya, mai kayan miya ɗaya ko da na gaba da shi ya fi araha da naira hamsin. Ranar da mai shago ya ce, "Alhaji, kwana biyu, lafiya dai?" an fara ƙirga ka cikin mutanen wurin, kuma daga bakin irinsa ake jin labarin gidan haya mai sauƙi da makanike mai amana.

Yaushe abin ke sauƙi? Masana ba su daidaita ba. A 1955 Sverre Lysgaard ya yi nazarin 'yan Norway 200 da suka je karatu Amurka, ya ga waɗanda ke tsakanin wata 6 da 18 sun fi sababbin zuwa da tsofaffin zuwa damuwa, wato ɗoki da farko, sai faɗuwa, sai farfaɗowa. A 1998 Colleen Ward ta bi ɗaliban Japan a New Zealand ta ga akasin haka: damuwar ta fi tsanani a farkon sauka, sannan ta ragu a 'yan watanni. Duka biyun da wata ake lissafi. Idan kuwa rashin barci da rashin cin abinci da yawan kuka suka zarce makonni ba sassauci, wannan ya wuce kewar gida, maganar likita ce. Dokar aikin gwamnati dai kuɗin masauki na kwana 28 na farko ta tanadar wa ma'aikacin da aka sauya wa gari. A kwana na 29, a takarda, ya zama ɗan gari, alhali da yawa lokacin ba su ma gama neman makarantar yara ba.