Yadda Ake Sa Soyayyiyar Kaza Ta Ja Hankali a Hoto

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mai tallar abinci ta waya ta fi kowa sanin haka, domin mai saye ba ya jin ƙamshi, ba ya ɗanɗano. Hoto kaɗai ke gabansa, kuma da shi zai yanke shawarar saye ko wucewa.

Kyan hoton daga kasko yake farawa. Launin nan ja-ja mai ruwan zuma yana samuwa ne idan sukari da sinadaran gina jiki suka haɗu a zafin da ya kai kimanin digiri 140 a ma'aunin Salshiyos. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya yi bayanin wannan a 1912. Shi kuwa ruwa a digiri 100 yake tafasa, saboda haka jiƙaƙƙiyar fata ba ta yin ja sai ruwan ya ƙone. Dalilin tsane kaza ke nan kafin a sa ta a mai, man kuma ya kai digiri 170 zuwa 180. In aka cika kasko zafin ya sauka, sai ta sha mai ta fito fari-fari.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rufe ta a kula da zarar an kwashe. Tururi kan jiƙa ɓawon ya yi laushi, alhali ɓawon nan ne ido ke nema. A ɗora ta a kan raga, a ɗauki hoton cikin 'yan mintoci.

Sai haske. Filasha takan shafe ƙurji-ƙurjin ɓawo ta bar ƙyallin maiƙo kawai. A aje faranti kusa da taga, haske ya zo ta gefe, a tsayar da farar takarda a ɗaya ɓangaren don rage inuwa. Yanka uku sun isa: a jingina cinya da ƙirji, a ɓare guda a ga farin nama. Ɗan latas ko yankan lemun tsami kan ƙara fito da jan.

Wasu masu shirya hoton talla a Amurka rabin dahuwa suke yi wa kaza, su shafe ta da launi, su ɓoye auduga mai ruwan zafi a bayanta don tururi. Wannan kaza ba ta ciwuwa, don sai cikinta ya kai digiri 74 take nuna. A ganina wannan dabara ba ta mai sayar da abinci ba ce, tunda mai saye zai buɗe leda ya gwada da hoton da ke wayarsa.